Ɗaliban Tattalin Arziki a Ƙasashen Waje: Wace Dama Gare Su Ta Sauya Jami'a?

A shekarun baya, babbar tambayar da iyaye su ke yi a Gusau da Tsafe da Bunguɗu ita ce yadda ɗansu zai sami hanyar fita ƙasashen waje neman ilmi. Tun daga shekarar 2022 wata tambayar ta zo ta tsaya kusa da ita, watau idan yaro ya fita, ya yi shekara ɗaya ko biyu, sa'an nan yaƙi ko tsadar kuɗin makaranta ya katse masa hanzari, wace jami'a ce za ta karɓe shi ya ɗora daga inda ya tsaya? Tambayar ta shafi ɗan babban ma'aikaci da ke cikin Gusau, ta kuma shafi ɗan manomin Wonaka wanda aka sayar da hatsi da bisashe aka haɗa masa guzuri. Bambancinsu shi ne, na biyun idan ya faɗi, da wuya gidansu ya sake samun abin tayar da shi.

Ilmin tattalin arziki yana cikin fannonin da al'amarin ya fi taɓawa, don kuwa fanni ne mai farin jini ga matasa masu fatar aiki a ma'aikatun kuɗi da na tsare-tsare da bankuna, kuma kusan kowace jami'a ta gida da ta waje tana koyar da shi. Idan aka dubi ƙa'idojin da ke aiki, za a ga ƙofar mai wannan fanni ta fi ta ɗalibin likitanci faɗi, amma ta rataya a kan abu uku: halaccin makarantar da ya baro, da takardar sakamakonsa, da ƙarfinsa a lissafi. Dukkan ukun kuwa tun ranar tafiya a ke gina su.

Abin Da Ya Kawo Maganar

Dalilan da suka sa iyaye tura 'ya'yansu waje sanannu ne. Ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, ta yi yajin aiki na wata tara a 2020, ta sake yin na wata takwas daga Fabrairu zuwa Oktoba 2022. Masu nema kuma a kullum sun fi guraben da ke akwai yawa. Saboda haka duk wanda ya ga hali sai ya nufi Sudan ko Masar ko Indiya ko Arewacin Saifurus, mai ƙaramin ƙarfi kuma ya tsallaka Kwatano ko Lome.

Sai ga shi al'amura sun juya a jere. A ran 24 ga Fabrairu 2022 Rasha ta auka wa Yukren, ɗaliban Nijeriya suka fito ta ƙasashen da ke maƙwabtaka da ita. A ran 15 ga Afrilu 2023 yaƙi ya ɓarke a Sudan tsakanin sojan ƙasar da rundunar RSF, Gwamnatin Tarayya ta kwaso 'yan Nijeriya fiye da 2,000 ta iyakar Masar da tashar Port Sudan, galibinsu ɗalibai, da yawansu kuma 'yan jihohin Arewa. A watan Yuni na shekarar nan Babban Bankin Nijeriya ya saki naira kasuwa ta yanke mata farashi. Dalar da a ke saye wajen naira 460 a farashin hukuma ta haye naira 1,500 a watan Fabrairu 2024.

Wannan lissafi ne da ɗalibin tattalin arziki ba ya bukatar a yi masa bayaninsa. A misali, makarantar da ke karɓar dala 3,000 a shekara, da tana cin naira 1,380,000, sai ta koma tana cin naira 4,500,000, alhali makarantar ba ta ƙara ko kwabo ba. Albashi mafi ƙanƙanta na ƙasa da aka sa wa hannu a watan Yuli 2024 naira 70,000 ne a wata, watau naira 840,000 a shekara. Ba sai an faɗa ba, gidaje da yawa sun kasa.

Daɗin daɗawa, a ƙarshen 2023 wani ɗan jaridar Daily Nigerian ya bayyana yadda ya sami digiri daga wata makaranta ta Kwatano cikin mako shida ba tare da ya zauna aji ba. A farkon Janairu 2024 Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya ta dakatar da tantance takardun digirin Jamhuriyar Benin da na Togo, daga baya a watan Agusta ta ce jami'o'i takwas kaɗai ta amince da su a ƙasashen biyu. Sa'an nan a watan Afrilu 2025 Ministan Ilmi, Dokta Tunji Alausa, ya ba da sanarwar tsayar da shirin nan na tura ɗalibai ƙasashen waje da Gwamnatin Tarayya ta daɗe tana yi bisa yarjejeniya da ƙasashe irin su Rasha da Maroko da Aljeriya. Waɗannan duka sun taru sun sa maganar komowa gida ta zama ta yau da kullum.

Ƙa'idojin Komowa Gida

Hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978, ita ce mai riƙe da rajistar duk wanda ya shiga jami'a a Nijeriya. Tun daga 2017 ta sa an riƙa ɗaukar ɗalibai ta wani tsari guda na kwamfuta mai suna CAPS, kuma wanda bai bi ta nan ba, a idon hukuma bai shiga jami'a ba, ko da ya zauna aji shekara huɗu. Mai neman canji daga jami'ar waje shi ma ba a ɗauke masa wannan sharaɗi ba.

Bayan komowar ɗaliban Sudan a watan Mayu 2023, magatakardar hukumar a lokacin, Farfesa Is-haq Oloyede, ya bayyana hanyar da za a bi. Ɗalibi zai yi rajista da Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya, ya miƙa buƙatarsa ta shafin hukumar na intanet, ya kawo takardar da ta jera darussan da ya yi da makin kowanne, ya haɗa da takardar rantsuwa ta kotu, ya kuma zaɓi jami'a da fannin da ya ke so. Daga nan magana ta koma hannun jami'ar, majalisar malamanta ce ke da ikon karɓa ko ƙi, ita ce kuma za ta faɗi ajin da za a sa shi. Akwai kuma sharaɗin cewa sai ɗalibi ya yi aƙalla shekara biyu ta karatu a jami'a kafin ta ba shi digirinta.

Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne ya fi yi wa mutane zafi. Digirin tattalin arziki shekara huɗu ne a Nijeriya. Wanda ya rage masa wata shida ya gama a Hartum, idan ya komo, dole ya ƙara shekara biyu. Wanda ya yi shekara biyu a waje kuwa sau da yawa aji biyu a ke mayar da shi. Asarar shekara ba ƙaramin abu ba ne ga mai son aikin gwamnati, domin wanda ya haura shekara 30 kafin ya gama ba ya zuwa yi wa ƙasa hidima, takardar ɗauke nauyi a ke ba shi, wasu wuraren aiki kuma suna ƙayyade shekarun mai nema.

Wani abin da iyaye ba su cika lura da shi ba shi ne rabon gurabe. A jami'o'in Tarayya, wajen ɗaukar sababbin ɗalibai, kashi 45 cikin 100 na cancanta ne, kashi 35 na jihohin da ke kewaye da jami'ar, kashi 20 kuma na jihohin da aka bari a baya wajen ilmin zamani, Zamfara tana cikinsu. Wannan gata na mai shiga daga farko ne. Mai neman canji yana jiran gurbin da ya ragu ne a aji biyu, a nan kuma zai tarar da masu shiga kai tsaye da takardar IJMB ko NCE ko difloma suna kan layi.

Inda Tattalin Arziki Ya Bambanta

Duk da haka, mai wannan fanni yana da sauƙin da waninsa ba shi da shi. Ɗalibin likitanci yana ƙarƙashin Majalisar Likitoci ta Nijeriya, wadda ta yanke wa kowace jami'a adadin da ba za ta wuce ba, haka ma ɗalibin shari'a yana ƙarƙashin Majalisar Ilmin Shari'a. Tattalin arziki ba shi da irin wannan majalisa a kansa, adadin da Hukumar Kula da Jami'o'i, NUC, ta amince wa jami'a shi ne iyaka. Ba ya kuma bukatar asibiti ko ɗakin gwaje-gwaje, saboda haka ƙarin mutum biyar a aji ba ya rushe tsarin sashe. Ga shi kuma ana koyar da shi a Jami'ar Tarayya ta Gusau da aka kafa a 2013, da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da Jami'ar Bayero ta Kano.

Amma fa sauƙin yana da iyaka, iyakar kuwa lissafi ce. Jami'o'in Nijeriya suna neman kiredit biyar a jarrabawar WAEC ko NECO ko makamanciyarsu, ciki har da Turanci da Lissafi da Tattalin Arziki. Akwai makarantun waje masu zaman kansu da ke ɗaukar ɗalibi ba tare da matsa wannan sharaɗi ba, muddin ya biya. Irin wannan ɗalibi idan ya komo, ko makinsa na can ya kai yaya, rashin kiredit a lissafi zai tare shi a bakin ƙofa, domin shekarun da ya yi a waje ba sa goge sharaɗin farko.

Bayan wannan akwai daidaita darussa. Karatun tattalin arziki hawa-hawa ne kamar ginin soro. A shekarun farko a ke koyon yadda farashi ke tashi da sauka tsakanin mai saye da mai sayarwa, da yadda dukiyar ƙasa baki ɗaya ke gudana, tare da lissafi da ƙididdiga. A kan waɗannan a ke ɗora darasin auna al'amuran tattalin arziki da alƙaluma a aji uku. Tun watan Disamba 2022 hukumar NUC ta fito da sabon tsarin manhaja wanda ya sa kashi 70 cikin 100 na darussa suka zama bai ɗaya a duk jami'o'in ƙasa, aka bar wa kowace jami'a kashi 30. Da wannan ma'auni shugaban sashe zai auna takardar baƙo. Wanda digirinsa na waje ya fi karkata ga harkar kasuwanci ko gudanarwa, ko wanda ya fi ba da ƙarfi ga tattalin arzikin Musulunci da harshen Larabci, zai iya tarar da an ƙidaya masa rabin abin da ya yi. Ilminsa yana nan da darajarsa, sai dai tubalan da a ke nema a ƙasan ginin ba su cika ba.

Bashi Da Takarda

Abin da ya fi kome hana ɗalibi motsi shi ne takardar sakamako, ita kuwa tana hannun makarantar da ya baro. Al'ada ce a jami'o'i da yawa na duniya su riƙe ta sai an biya su bashinsu. A Sudan yaƙi ne ya rufe ofisoshin jami'o'in Hartum. A wasu wuraren kuwa ofis a buɗe ya ke, kuɗi ne babu.

Jihar Zamfara ta ɗanɗana wannan. A zamanin Gwamna Bello Matawalle, daga 2019 zuwa 2023, an tura ɗaliban jiha ƙasashen waje, ciki har da Sudan da Indiya da Arewacin Saifurus. A 2024 labarin waɗanda ke Jami'ar Cyprus International ya cika kafofin watsa labarai, cewa bashin kuɗin makaranta ya taru, sun shiga ƙuncin abinci da masauki da takardun zama. Gwamnatin Dauda Lawal ta ce gadon bashin ta yi, aka kuma yi ta kai-kawo tsakaninta da jami'ar a kan adadinsa. Ko a gida an ga irinsa, don kuwa bashin da hukumomin WAEC da NECO suka biyo jihar ya sa an riƙe sakamakon ɗalibanta, sai da gwamnati ta biya aka sake shi. A watan Nuwamba 2023 ne Gwamna Lawal ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilmi.

Darasin da ke cikin wannan ya shafi kowane fanni. Ɗalibin da gwamnati ko mahaifi ya kasa biya wa kuɗi ya rasa abu biyu a lokaci guda, ba zai ci gaba a can ba, ba zai kuma iya nuna wa wata jami'a abin da ya riga ya yi ba. Ga yaron da ya fito daga Wonaka, wanda ba shi da kawu a ma'aikata da zai bi masa fayil, wannan yana iya zama ƙarshen karatu baki ɗaya.

Komowa gida ma da nata nauyin. A watan Satumba 2023 'yan bindiga suka sace ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau, galibinsu mata, daga gidajen da su ke haya a Sabon Gida cikin Ƙaramar Hukumar Bunguɗu. Irin wannan fargaba tana sa iyaye su fi son Sakkwato ko Zariya ko Kano, inda masu nema suka fi yawa, gurbi kuma ya fi wuya. Ta wani ɓangaren kuwa akwai riba, domin asusun ba da rancen karatu, NELFUND, da ya fara karɓar buƙatu a watan Mayu 2024, na ɗaliban makarantun gwamnati ne na cikin gida, rance ne marar ruwa, kuma sai shekara biyu bayan hidimar ƙasa a ke fara biya. Wanda ke waje ba shi da rabo a ciki.

Masu Son Fita Da Masu Son Shigowa

Akwai kuma ɗalibin da ke aji biyu a Gusau ko Sakkwato, yana mafarkin ƙarasa digirinsa a Amurka ko Ingila. Wannan ƙofar ta fi ta komowa ƙunci. Jami'ar Harvard, a misali, tana samun masu neman canji fiye da 1,500 a shekara, amma wajen mutum 12 ta kan ɗauka. Jami'o'in Jihar Kalifoniya suna fifita waɗanda suka fito daga ƙananan kwalejojin jiharsu. Taimakon kuɗin karatu ga baƙon da ya shigo ta hanyar canji ya fi na sabon ɗalibi ƙaranci. Jami'o'in da ke karɓa cikin sauƙi kuwa galibi masu neman cikakken kuɗi ne, sa'an nan ofishin jakadanci zai nemi shaidar kuɗin kafin ya ba da biza. A watan Mayu 2024 an ga yadda Jami'ar Teesside ta Ingila ta dakatar da wasu ɗaliban Nijeriya saboda faɗuwar naira ta hana su biya a kan lokaci. Ga mai karanta tattalin arziki, hanyar da ta fi hankali ita ce ya gama digirin farko a gida da sakamako mai kyau da ƙarfin lissafi, ya nemi digiri na biyu a waje, wanda a Ingila shekara ɗaya ne, kuma a matakinsa ne a ke samun tallafi irin na Commonwealth da Chevening.

Ta fuskar arewa kuma akwai 'yan'uwa na Jamhuriyar Nijar. Ɗalibin Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi da ke son ƙarasawa a Nijeriya yana da Hausa a baki, amma da Faransanci ya yi karatu, digirin farko a tsarinsu shekara uku ne, kuma za a nemi a fassara takardunsa a tabbatar da Turancinsa. Ƙasashen Afirka sun ƙulla yarjejeniyar amincewa da takardun ilmin juna a Arusha a 1981, suka sabunta ta a Adis Ababa a 2014, amma har yanzu hukuncin ƙarshe yana kan teburin kowace jami'a. Rufe iyaka bayan juyin mulkin Yuli 2023 da ficewar Nijar daga ƙungiyar ECOWAS a Janairu 2025 sun ƙara nuna yadda siyasa ke iya shiga tsakanin ɗalibi da ajinsa.

Abin Da Ya Kamata A Yi

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Mahaifin da zai tura ɗa waje ya kamata ya fara tabbatarwa daga Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya cewa an amince da makarantar, kada ya tsaya ga maganar dillali. Ya tabbata yaron yana da kiredit ɗinsa na Lissafi da Turanci kafin ya tashi, ya kuma yi lissafin kuɗin shekara huɗu da dala, ya bar sarari don faɗuwar naira. Shi kuma ɗalibi ya riƙa karɓar sakamakonsa mai hatimi a ƙarshen kowane zango, ya adana bayanin abin da kowane darasi ya ƙunsa, ya aiko da kwafinsa gida. Wanda ya baro Hartum da irin waɗannan takardu a jaka, da wanda ya baro ta da katin shaida kaɗai, ba daidai su ke ba a gaban majalisar malaman jami'a.

Ga ma'aikatan hukumar ba da tallafin karatu da na Ma'aikatar Ilmi ta Jiha, aikin ya fi nauyi. Bai kamata a tura ɗalibi ko ɗaya ba sai an keɓe kuɗin karatunsa har ƙarshe, don gwamnati tana sauyawa a shekara huɗu, digiri kuma ba ya jiran kasafin kuɗi. Ya kyautu a sa sharaɗi cikin kowace yarjejeniya cewa makaranta za ta riƙa aiko wa jiha da sakamakon kowane zango, yadda gardamar bashi ba za ta kulle makomar yaro ba. Fannin da a ke koyarwa a Gusau da Sakkwato, irin tattalin arziki, ba shi da dalilin cin dalar jiha a matakin digirin farko, kuɗin mutum ɗaya a waje zai ɗauki nauyin mutane da dama a gida. Jami'ar Tarayya ta Gusau da Jami'ar Jiha da ke Talatar Mafara su ma za su taimaka ƙwarai idan suka buga ƙa'idojinsu na karɓar mai canji a fili, da mafi ƙarancin makin da su ke nema, da adadin guraben kowace shekara, domin ɗan talaka ya san matsayinsa ba sai ya nemi wanda ya san wani ba.

Jihar da ke fama da ƙarancin kuɗin shiga da rashin tsaro da ya taɓa noma da kiwo tana bukatar masu sanin tattalin arziki a ofisoshin kasafin kuɗi da na haraji da na ƙananan hukumominta 14. Duk ɗalibin da ya yi shekara biyu a waje ya komo Wonaka ko Tsafe hannu rabbana, an yi asarar kuɗin da aka kashe masa, an kuma yi asarar ma'aikacin da jiha za ta samu. Gyaran wannan ba ya bukatar sabuwar doka, abin da ya ke bukata shi ne a biya bashi a kan lokaci, a adana takarda, a kuma tambayi hanyar komowa tun kafin a sayi tikitin tafiya.